Sa hannun shahararru: yadda ake gane na gaskiya da yadda ake yi masa kuɗi

Daga lokacin da salula ta shigo da kasuwannin duniya cikin aljihunmu, matasan Maraɗi suka shiga sayen riguna da ƙwallaye da hotuna masu ɗauke da sa hannun 'yan wasa da mawaƙa. Wani daga Kano ake kawo masa, wani ɗan'uwansa ne ya aiko daga Faransa ko Dubai, wani kuma a cikin dilar bosho ya tsinci tasa rigar. Kusan kowa da tambaya biyu yake zuwa: na gaskiya ne, kuma nawa zai yi? Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kan harkar, da amsoshinsu.

Me ke sa ɗan zanen tawada ya yi kuɗi?

Abin da mai tarawa yake biya shi ne tabbacin cewa wane ya riƙe wannan abu da hannunsa, a rana kaza, a wuri kaza. In tabbacin ya yi ƙarfi, ranar kuma tana da tarihi, kuɗin kan kai inda ba a zato. A 1922, a wani otal na Tokiyo, Albert Einstein ya rubuta 'yan kalmomi a takardar otal ɗin ya miƙa wa wani ɗan aike a madadin tukwici. A 2017 aka yi gwanjon takardar a birnin Ƙudus, ta tashi dalar Amurka miliyan 1.56. Haka takardar goge baki da aka rubuta alƙawarin farko na ɗaukar Messi a Barcelona, a watan Disamba na 2000: gidan gwanjon Bonhams ya sayar da ita a 2024 kan fam 762,400, alhali hannun da ke kanta na Carles Rexach, jami'in ƙungiyar, ne da wasu wakilai biyu. Messi yana ɗan shekara 13 a lokacin, bai sa hannu a kai ba.

Waɗannan su ne ƙololuwa, kuma su ake yaɗawa a labarai. Mafi yawan sa hannun da ke yawo a duniya, ko da na gaskiya ne, kuɗinsa ba ya kai abin da zai canza wa mutum rayuwa.

An kawo mini riga an ce Messi ya sa mata hannu. Ta ina zan fara?

Ka ajiye rigar tukuna, ka fara da mutumin da ya kawo ta. Duk wanda ya taɓa sayen fili a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a Maraɗi ya san ba a kallon ƙasa kawai a ƙirga kuɗi. Sai an ji wa ya mallake shi da farko, wa ya sayar wa wa, su wa suka shaida, me mai unguwa ya sani. Sa hannu ma haka yake: silsilarsa ita ce rabin darajarsa, wani lokaci ma fiye da rabi.

Ga yadda cinikin kan kasance. Ka ce, "Alhaji, daga ina rigar ta fito?" Ya ce, "Yarona ne ya zo da ita daga Dubai." Ka ce, "Shi yaron ya ga lokacin da aka sa hannun?" Ya ce, "A'a, a shago ya saya." To a nan silsila ta yanke. Alhajin bai yi maka ƙarya ba, yaronsa ma wataƙila da zuciya ɗaya ya saya, amma a cikinsu babu wanda ya ga alƙalami a hannun Messi. Sai ka nemi sunan shagon da rasidi da duk takardar da ta biyo rigar. In babu ko ɗaya, kuɗin riga za ka biya, kar ka ƙara ko dala a kan rubutun.

Dubi akasin haka. Rigar da Maradona ya sa a wasan Ajantina da Ingila na 1986, gidan gwanjon Sotheby's ya sayar da ita a 2022 kan fam miliyan 7.1. Mutum ɗaya ne tsakanin Maradona da gidan gwanjon: Steve Hodge, ɗan wasan Ingila da suka yi musayar riga bayan an tashi. Duk da haka sai da aka gwada zare da ɗinkin rigar da hotunan wasan kafin a sa ta a kasuwa.

Kayan da aka sa wa hannun, shi ma yana ba da shaida?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan binciken ba ya buƙatar gwani. Ka tambayi kanka: a ranar da aka ce an sa hannun, wannan kayan ya zo duniya? Maradona ya rasu ranar 25 ga Nuwamba 2020. Rigar Ajantina mai tauraro uku ba ta fito ba sai bayan sun ci kofin duniya ranar 18 ga Disamba 2022. Duk rigar da ta haɗa tauraro uku da hannun Maradona jabu ce, ba sai an duba tawada ba. Rigar Barcelona mai tambarin Spotify ta fara ne a 2022, shi kuwa Messi ya bar ƙungiyar a 2021. Yana iya sa mata hannu daga baya, amma wanda ya ce maka da ita ya buga wasa ya yi ƙarya.

Alƙalami ma yana da shekarunsa. Bik bai shiga kasuwa sosai ba sai daga 1945, marka ta Sharpie kuma a 1964 ta fito. Wasiƙar da ke ɗauke da kwanan watan 1935 da tawadar bik, akwai magana a kanta. A nan gida, wani zai iya nuna maka takardar kuɗin sefa ya ce Janar Seyni Kountché ya sa mata hannu. Kountché ya rasu a watan Nuwamba na 1987, samfurin takardun da muke kashewa yanzu kuwa a 2003 aka fara fitar da shi, takardar sefa 500 ma sai a 2012.

Yaya zan duba rubutun kansa?

Ka fita da kayan tsakar gida da hantsi, ka karkata shi ga haske. Ka ari madubin nan na masu gyaran salula ko agogo mai ƙara girma sau 10. Abu biyar kake nema ka kore, kuma ba duka suke da wuya iri ɗaya ba.

Na farko shi ne sa hannun da aka buga tare da hoton. Shi ya fi yawa a kasuwa, shi ya fi sauƙin kamawa. In ka karkata hoton za ka ga rubutun da hoton sheƙinsu ɗaya, rubutun yana kwance a ƙarƙashin santsin takardar. A madubi kuma layin zai tarwatse ya zama ɗige-ɗige. Tawadar gaskiya a saman santsin take zama, ƙyallinta daban, kuma inda layi ya haye kan layi wurin ya fi duhu. A jikin riga, ka juya ta bai-bai: marka tana ratsa zare, za ka ga inuwarta ta ciki. Wanda aka manna da zafi kuwa a sama yake, yatsa yana jin tudunsa, cikin rigar fes.

Na biyu hatimin roba, wanda tawadarsa ke taruwa a gefen haruffa, tsakiya ya yi fari-fari. Na uku na'urar sa hannu, wadda ke riƙe alƙalamin gaske ta bi zanen da aka ɗora mata. Ofisoshin manya sun daɗe suna aiki da ita. A 2011 Barack Obama yana Faransa aka sa wa wata doka hannu da ita a Amurka bisa umarninsa. Alamarta ita ce kaurin layi ɗaya daga farko har ƙarshe, da ɗigo mai nauyi a inda alƙalami ya sauka da inda ya tashi. In ka sami biyu ka ɗora ɗaya kan ɗaya a jikin gilashin taga suka hau daidai ba saɓani, na'ura ce, domin ɗan Adam ba ya sa hannu sau biyu iri ɗaya sak. Na huɗu shi ne wanda sakatare ko wani na kusa ya sa a madadin mai sunan, musamman a amsar wasiƙun masoya.

Na biyar shi ne na ɗan jabu, kuma a nan ake buƙatar ido. Mutum in yana sa hannunsa ba ya tunani, hannun ne ke gudu: layi ya yi kauri a wuri, ya sirance a wuri, ƙarshensa ya fita kamar an fizge. Ɗan jabu zane yake yi, idonsa na kan samfuri. Sai ka ga layin yana rawa a kan kwana, ya tsaya a tsakiyar harafi ya ci gaba, an dawo an gyara wani wuri, ƙarshen kuma ya tsaya cak da kauri. Wani lokaci har sawun fensir ko kwarmin da aka bi za ka gani a ƙarƙashi. Rigar da aka ce duk ƙungiya ta sa wa hannu ita ce ta fi tona asiri: in hannu ashirin duk nauyinsu ɗaya, karkatarsu ɗaya, an jera su tsaf babu wanda ya hau kan wani, mutum ɗaya ne ya zauna ya yi su.

Kada muni ya ruɗe ka. Ɗan wasan da ya sa hannu ta tagar mota, ko a bayan wani yaro cikin turmutsutsu, abin da zai fito ba zai yi kyau ba. Mummunan rubutu mai gudu ya fi kwantar mini da hankali a kan kyakkyawa mai rawa.

In na gwada da hoton sa hannunsa da ke intanet, bai isa ba?

Bai isa ba, saboda shi ma ɗan jabun daga can ya kwafa, kuma ba ka da tabbacin wanda ka gani a intanet ɗin na gaskiya ne. A 1983 mujallar Stern ta Jamus ta biya mak (kuɗin Jamus na lokacin) miliyan 9.3 ta sayi littattafan da aka ce Hitler ya rubuta da hannunsa. Masana rubutu sun gwada sun ce hannunsa ne. Ashe cikin samfuran da aka ba su na gwaji akwai waɗanda mai jabun, Konrad Kujau, shi ya rubuta su tun farko. Binciken takarda da tawada ne ya tona, da aka ga kayan bayan yaƙin duniya na biyu aka yi su.

Bayan haka hannun mutum yana canzawa da shekaru. Muhammad Ali kafin 1964 da Cassius Clay yake sa hannu. Bayan ya musulunta ya canza suna, rubutunsa babba ne mai gudu. Da ciwon makyarkyata ya kama shi, wanda aka tabbatar a 1984, rubutun ya riƙa ƙanƙancewa yana rawa. Saboda haka hannun Ali mai faɗi da ƙarfi a kan kayan da aka ƙera a 2010 abin tuhuma ne, haka ma mai rawa a kan abin da aka ce a Kinshasa aka sa ranar dambensa da George Foreman a 1974. Samfurin da za a yi gwaji da shi dole ya zama na zamani ɗaya da abin da ake dubawa, kuma ya zama da yawa.

Amma ai ta zo da takardar shaida mai hatimi?

Takardar shaida nauyin wanda ya ba da ita gare ta. Kowace maɗaba'a a bakin babbar kasuwa za ta iya buga maka mai ruwan zinare. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta Amurka ta gudanar da binciken da ta kira Operation Bullpen daga birnin San Diego, ta kai samame a 1999, ta kama gungun masu jabun sa hannun 'yan wasa. Kayansu da takardun shaida suke fita, domin akwai masu ba da shaidar da ke cikin cinikin.

Kamfanonin da kasuwar duniya ta fi karɓar maganarsu uku ne, duk a Amurka: PSA, JSA da Beckett. Suna manna ɗan tambari mai lamba a jikin kayan, ka shigar da lambar a shafinsu ka ga abin da aka rubuta. Kar ka tsaya a kan cewa lambar ta fito. Ka karanta bayanin: in shafin ya ce hoto ne kai kuma riga ce a hannunka, an kwafi lambar wani ne aka manna maka. In akwai hoton kayan a shafin, ka gwada wurin da hannun ya zauna da tsawon kowane layi.

Sannan shaidar tasu iri biyu ce, kuma mutane ba su cika bambanta su ba. Akwai wadda wakilin kamfani yana tsaye aka sa hannun a gabansa. Akwai wadda aka kai musu kayan daga baya suka duba suka ce a ganinsu na gaskiya ne. Ta biyun ra'ayin gwani ce, gwani kuma yana kuskure. Ya faru kamfani ɗaya ya karɓi abu wani ya ƙi shi. Ta farkon ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Akwai kuma 'yan wasan da suka ƙulla yarjejeniya da kamfani guda, kamar Michael Jordan da Upper Deck, to a irin wannan sai a nemi tambarin wancan kamfanin.

Mai sayarwa ya nuna mini hoton ɗan wasan yana sa hannu. Wannan fa?

Hoton ya nuna ya sa hannu a kan wata riga. Ko ita ce wannan, magana ce daban. Hoto guda ana iya sayar da riga ɗari da shi. Sai in ana ganin rubutun a hoton, kuma ya dace da wanda ke gabanka a wuri da siffa.

To yaya ake yi masa kuɗi?

Da farko ka manta da farashin da ake nema, ka nemi farashin da aka saya. Mutum yana iya sa riga a shafin ciniki na eBay ya rubuta dalar Amurka 5,000 ta shekara ba wanda ya taya. A shafin akwai inda ake zaɓar kayan da aka riga aka sayar, shi za ka duba. Manyan gidajen gwanjo irin su Sotheby's, Christie's, Bonhams da Heritage ma suna barin sakamakon cinikinsu a buɗe. Ka nemi kaya irin naka, mai shaida irin taka, wanda aka sayar a 'yan watannin nan, ka ɗauki tsaka-tsakinsu.

Abin da ke ɗaga kuɗi ko ya kayar da shi kuwa, shahara ɗaya ce kawai daga ciki. Ƙaranci ya fi ta tasiri. Muhammad Ali ya shafe shekaru yana sa hannu a kan ƙananan takardun wa'azin Musulunci yana raba wa mutane kyauta a hanya da filayen jirgi, saboda haka waɗannan suna da yawa, kuɗinsu bai kai na safar dambe ba, balle na tsohon hannun Cassius Clay. Neil Armstrong, wanda ya fara taka wata a 1969, ya daina sa wa mutane hannu a 1994, nasa sai ya yi tsada. Sai kuma abin da aka sa wa hannun: rigar da aka buga wasa da ita tana gaba da rigar shago ta asali, ita kuma tana gaba da rigar kwaikwayo, guntuwar takarda ce ta ƙarshe. Wasiƙar da mutum ya rubuta da hannunsa yana faɗin wani abu mai ma'ana ta fi sa hannu tsura. Sai lafiyar kayan: dusashewa, tabon ruwa, ninki a kan rubutun, duk suna rage kuɗi.

Ka kuma yi lissafin abin da zai shigo aljihunka. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. A ce irin rigarka ana sayar da ita yuro 300, wato wajen jika 197. Cire kuɗin aikawa waje, da inshora, da kuɗin masu tantancewa, da la'adar gidan gwanjo ko ta shafin da aka sayar. Sau da yawa abin da ya rage bai kai wahalar ba, kuma in masu tantancewa suka ƙi kayan, kuɗinsu ba ya dawowa. PSA da Beckett suna da tsarin duba hoto ta intanet a kan kuɗi kaɗan su faɗi ra'ayin farko. Da shi ya kamata a fara kafin a ɗaure kaya.

An rubuta sunana a kai. Ya rage daraja?

A kasuwa yakan rage, don mai saye ba ya son sunan wani a bangonsa. Ta fuskar tantancewa kuwa ƙari ne, saboda yawan rubutu yana ba gwani abin dubawa, ɗan jabu kuma ba ya son tsawaitawa. Kada ka yi ƙoƙarin goge sunan da fetur ko turare, za ka ɓata duka.

In mai sa hannun ya rasu, kuɗin yana tashi?

Yakan yi tsalle na 'yan makonni, sannan ya sauko ya daidaita. Pelé ya rasu ranar 29 ga Disamba 2022, amma ya yi shekaru fiye da sittin yana sa hannu, nasa yana da yawa a duniya. Makonnin farko bayan rasuwar shahararre su ne mafi hatsari ga mai saye, lokacin ne 'yan jabu ke cika kasuwa saboda sun san zukata sun yi laushi.

Namu na gida fa, 'yan kokowa da 'yan fim da mawaƙa?

Wannan ce tambayar da na fi so a yi mini. Kamfanonin Amurka ba su da samfurin hannun 'yan kokowarmu ko taurarin Kannywood, ba za su iya ce maka komai a kansu ba, kuma babu wani tsayayyen farashi; abin da mai so ya bayar shi ne kuɗin. Amma a nan ne muke da abin da mai sayen rigar Messi ba zai taɓa samu ba: mu ne shaidun gani da ido.

Yacouba Ango Kantou, ɗan Maraɗi, shi ya fara ɗaukar takobi a gasar farko da aka yi a Tawa a 1975, filin kokowar Maraɗi ma sunansa yake ɗauke da shi. Mutum nawa ne ke da hoto ko takarda mai hannunsa, da kwanan wata da sunan wanda ya shaida? Issaka Daboré ya kawo wa Nijar lambar tagulla a damben Olamfik na Munich a 1972, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo ta azurfa a tekwando a Rio a 2016. Waɗannan tarihinmu ne, kuma takaicina shi ne yadda muke kashe jika ɗari a kan hannun da ba mu san wanda ya zana shi ba, na kusa da mu kuma ba mu nema.

Akwai ma damar da ta zo har gida. A watan Fabrairu na 2019 filin wasan Maraɗi ya karɓi wasannin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20, wadda Mali ta ɗauka, kuma cikin yaran da suka buga akwai waɗanda suka kai manyan ƙungiyoyin Turai. Kafin nan, a 2015, Victor Osimhen ya buga gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a Yamai, a 2023 ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Wanda ya karɓi hannunsa a lokacin, ya kuma adana tikitinsa da hotonsa, yana riƙe da abin da masu tarawa ke nema, wato hannun ƙuruciya tun kafin shahara. In kana da irin wannan a akwati, ka zauna yau ka rubuta yadda aka yi ka same shi.

Idan zan karɓa da kaina, me zan tanada?

Ka je da alƙalaminka, ka gwada shi a wani ƙyalle kafin ka miƙa. Marka baƙa ko shuɗiya ga riga mai haske, mai ruwan azurfa ga mai duhu, bik ga takarda. Ka sa kwali a cikin rigar don ta miƙe. Ka yi sallama ka nemi izini da ladabi: "Sarki, don Allah a sa mini hannu a nan, da kwanan wata." Kada ka tare ɗan kokowa yana shirin shiga fili, ka bari sai an tashi. Abokinka ya ɗauki bidiyo ba yankewa, a ga fuskar, a ga hannun, a ƙare a kan rubutun daf da daf. Wanda ba ya rubutun boko, ajami ko dangwalen yatsa ya wadatar matuƙar bidiyon ya nuna.

Da ka koma gida ka ɗauki takarda ka rubuta rana da wuri da taron da aka yi da sunayen mutum biyu da suka gani, su sa hannu. Ka haɗa da tikitin shiga. Bidiyon kuma ka ajiye shi wuri biyu, don salula tana ɓata.

Yaya zan adana shi a yanayi irin namu?

Rana ce babbar abokiyar gaba. Marka da aka rataye a bangon shago tana kallon ƙofa, kafin bazara biyu ta koma ruwan ƙasa. Ka rataye kwafin hoto, asalin ya zauna a duhu. Ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana busar da takarda har ta riƙa karyewa, ka nemi ɗaki mafi sanyi a gidan. Da damina laima ke kawo fumfuna, da hunturu ƙura ke shiga ko'ina, gara kuma ba ta da lokaci. Akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗora shi kan benci nesa da bango, a riƙa buɗewa ana dubawa.

Kada a kai wa masu liƙe takarda da leda a inji. Zafin yana cin tawada, ba a iya ɓarewa, kuma masu tantancewa da masu saye suna gudun abin da aka yi wa haka. Kada a sa salatif ko gam. Kada a wanke rigar, kada a yi mata guga, kada a ninke ta kan rubutun. In za a sa a gilashi, a bar tazara tsakanin gilashin da tawadar. Ƙwallo kuma a bar ta da 'yar iska, in ta lotse fatar tana tsagewa ta tafi da rubutun.

Mun sami tsofaffin wasiƙu a kayan mahaifinmu, har da mai hannun Diori Hamani. Mu sayar?

Allah ya jiƙan Baba. Kada ku yi gaggawa, kuma kada ku raba wasiƙa da ambulan ɗinta, don kan sarki da hatimin gidan waya shaida ne na rana da wuri. Diori ya mulki Nijar daga 1960 zuwa 1974, takardun ofishinsa da yawa da hatimi ko ta hannun sakatarori suka fita, sai an duba. Wasiƙar da aka aiko wa mahaifinku shi kansa taku ce, kayan gado ce, sai da yardar duk magada. Takardar da ta fito daga fayil ɗin gwamnati kuwa ta hukuma ce, a nemi shawarar ma'aikatar adana takardun tarihi ta ƙasa. In akwai rubutun ajami ko wasiƙun sarakuna a ciki, cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami a Yamai. Ko ba za ku rabu da su ba, ku ɗauki hoton kowace gaba da baya.

Akwai laifi a addini?

Hukuncin tarawa da sayarwa, malamai za a tambaya. Abu biyu dai a fili suke. Sa hannun ɗan ƙwallo ba ya ɗauke da wata albarka, kayan tarihi ne kawai. Wanda kuma ya san kayansa jabu ne, ko yana shakka ya ɓoye, ya sayar a matsayin na gaskiya, ya yi algus, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. In an cuce ka, kar ka tura cutar ga na gaba.

Wani ya rubuto mini daga waje zai saya da tsada, amma in fara aika kuɗin takardu. In aika?

Kar ka aika. Mai saye na gaskiya ba ya neman kuɗi wurin mai sayarwa. Alamominsu sanannu ne: tayin da ya ninka kasuwa tun bai ga kayan da kyau ba, gaggawa, hoton rasidin banki da kuɗinsa bai shigo ba, da cewa ka biya wani wakili kuɗin duwan ko inshora. Gidan gwanjo na gaske yana ba da ƙiyasin farko kyauta in ka tura hotuna ta shafinsa, la'adarsa kuma daga kuɗin ciniki yake cirewa. Kai ka nemo adireshin shafin da kanka, kar ka bi wanda aka turo maka ta WhatsApp.

In cinikin na cikin gari ne, ku zauna gaban shaidu biyu, a rubuta abin da aka sayar da abin da mai sayarwa ya ce game da asalinsa, da sharaɗin mayar da kuɗi cikin wa'adi kaza in bincike ya nuna jabu ne. Kowa ya riƙe kwafi, a haɗa da hoton kayan na ranar.